Bayan gobarar daji: yadda ake tsara gayyar taimako

Daga watan Oktoba, da ruwa ya ɗauke ciyawa ta bushe, gobarar daji ke farawa a yankunanmu na kiwo, kamar Abalak da Cintabaradan a jahar Tawa, Bermo a jahar Maradi, Tanut da Tesker a jahar Damagaram. Shekarar da damina ta yi kyau ta fi haɗari, don ciyawa ta yi kauri. Garwashin shayi ko guntun taba ya isa ya tada wuta, iska kuma ta kora ta.

In wuta ta mutu, masu son taimako ba su kaɗan. Matsalar ita ce kowa ya yi gaban kansa: wani gida ya samu sau biyu, wata rugga ta can nesa ba wanda ya leƙa ta. Shi ya sa ake fara kafa kwamiti guda, da mai gari, arɗo, liman, wakiliyar mata da wakilin matasa.

Aikin farko ƙidaya ce. A littafi ɗaya ake rubuta wanda ya ƙone, rumbunan da suka tafi, dabbobin da suka mutu da waɗanda suka rage. Da shi ake zuwa wurin magajin gari da ma'aikatan gandun daji da na kiwo.

Sannan a raba mutane rukuni-rukuni. Wasu su kai masu ƙuna likita. Wasu su zagaya bakin wurin da ya ƙone su bice kututture da kashin shanu, don suna riƙe wuta a ciki. Wasu su tara hatsi, kara, harawa da dusa, tunda dabbar da makiyayarta ta ƙone sai damina mai zuwa za ta ga sabuwar ciyawa. Masu ƙarfi su share hanyar tare wuta, mai faɗin kamar mita 20, a gicciye da iska, domin kare makiyayar da ta tsira. Ciyawar da aka kwashe a wurin a adana ta don rani.

'Yan uwanmu da ke Yamai, Kano, Agadas ko Abijan, in za ku aiko da gudummawa, ku tura wa ma'ajin kwamiti, a faɗi adadin a bainar jama'a, a rubuta inda kowace jika ta shiga. Da haka mai bayarwa ke samun natsuwa, rabon kuma ya kai har ruggar ƙarshe.