Mai Gina Birane da Kwali

A shekarar 1948 aka haifi Bodys Isek Kingelez a ƙauyen Kimbembele-Ihunga na ƙasar Kwango, tana hannun Turawan Beljiyam. A 1970 ya koma Kinshasa, daga baya ya kama aikin gyaran kayan tarihi. Da ya ga birnin yana tumbatsa da jama'a babu tsari, sai ya duƙufa wajen ƙera nasa biranen da kwali da takarda da gwangwani.

A 1989 aka baje ayyukansa a Faris. A 1994 ya siffanta ƙauyensu a matsayin birni mai dogayen benaye da faffaɗan tituna. A 1996 kuwa ya ƙera wani birni wanda, a faɗarsa, ba ya bukatar ɗan sanda ko soja ko likita.

Ya rasu a 2015, ba a gina ko ɗaya daga cikinsu ba. Bayan shekara uku aka tattara su a babban gidan baje zane na Niyu Yok.

Ya bar ƙauye, amma ƙauyen bai bar zuciyarsa ba. Mazaunin zango ya san wannan hali.