Madannin kwamfuta mai maƙalewa da linzami mai danna sau biyu: dalilai da gyara

Idan an taɓa harafi ɗaya ya fito sau uku, ko madanni ya nutse ya ƙi tasowa, ko linzami ya buɗe fayil alhali zaɓarsa kawai ake so, matsalar ba ta wuce wuri biyu ba: ko dai saitin manhaja ne, ko kuma jikin na'urar. Abin ya fi cutarwa wajen rubuta kalmar sirri, inda ba a ganin haruffa: harafi ɗaya da ya maimaitu na iya sa banki ko imel ya rufe asusu bayan 'yan gwaji.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce a jona wani allon madannai ko linzami ta USB. Idan na aron ya yi aiki daidai, laifin na tsohon ne. Idan shi ma ya yi haka, a duba saiti kafin a kashe ko sisi.

A Windows, danna Maj sau 5 a jere yana kunna abin da kwamfuta mai Faransanci ke kira "Touches rémanentes". An yi shi ne don wanda ba ya iya danna madanni biyu lokaci guda, don haka Maj, Ctrl da Alt sukan zauna kamar an riƙe su. Riƙe Maj na dama na daƙiƙa 8 kuma yana kunna "Touches filtres", wanda ke sa kwamfuta ta yi biris da dannawa mai sauri. Ana kashe su duka a Paramètres, Accessibilité, Clavier a Windows 11, ko Options d'ergonomie a Windows 10. Saurin maimaita harafi yana cikin Panneau de configuration, ƙarƙashin Clavier. A ƙara tsawon jiran da ake yi kafin harafi ya fara maimaituwa.

Akwai wani ruɗanin da ya shafi masu zama kan iyaka. Kwamfutar da aka saya a Kano yawanci QWERTY ce, ofisoshin Yamai, Garwa da Njamena kuwa AZERTY suka saba da shi. Idan A ya zama Q, Z ya zama W, babu abin da ya lalace: madannin Windows tare da dogon madannin tazara yana sauya tsarin. Haka idan J, K, L suna fitar da 1, 2, 3 a wasu ƙananan kwamfutocin hannu, Verr Num ne a kunne.

Idan saiti lafiya yake, sai a koma ga datti. Ƙurar hunturu mai tasowa daga yankin Bodele na Chadi tana da laushi ƙwarai, tana shiga ƙarƙashin madannai ta haɗu da maiƙon hannu ta zama danƙo. A kashe kwamfutar, a cire caja, a kifa allon a bubbuga bayansa a hankali, sannan a share tsakanin madannai da burushi mai laushi. A jiƙa auduga da ɗan alkol na isofrofil, a goge gefen madannin, a bari ya bushe. Kada a zuba komai kai tsaye, kada kuma a yi amfani da fetur ko kananzir, domin suna cin roba.

Madannan babban allon tebur ana iya ɓalle su a wanke. Na kwamfutar hannu daban ne: ƙarƙashin kowanne akwai wata 'yar roba mai kama da almakashi, wadda ke karyewa da ƙaramin ƙarfi, kuma da wuya a samu irinta ita kaɗai a kasuwa. Masu sayen MacBook na hannu su lura da waɗanda aka yi tsakanin 2015 da 2019. Madannansu sirara ne har ƙwayar ƙura na iya sa harafi ya maimaitu ko ya ɗauke. Apple da kansa ya buɗe shirin gyara su kyauta a 2018, amma na shekara 4 ne daga ranar sayarwa, ya riga ya wuce.

Shayi da lemo sun fi ruwa ɓarna saboda sukari. A kashe na'urar nan take, a kifa ta, a bar ta aƙalla kwana 2 a inuwa. Ko ta tashi, sukarin na nan yana cin layukan lantarki, don haka kai ta wurin mai gyara ya fi.

Shi kuwa linzami, a cikin kowane madanni akwai ƙaramin makunni mai siririn ƙarfe. Idan ƙarfen ya gaji ko ya yi tsatsa, sai ya yi tsalle, kwamfuta ta ƙirga dannawa biyu, ko fayil ya kuɓuce ana cikin jansa. Ana tabbatarwa ta hanyar mayar da madannin dama ya zama babba a saitin Souris: idan matsalar ta ɓace, makunnin hagu ne ya mutu. Rage saurin danna sau biyu ba ya warkar da wannan. Mai gyaran waya zai iya canza makunnin da dalma, amma linzami mai araha bai cancanci wahalar ba. Idan kuma abu na manne wa kibiya bayan an saki yatsa, a duba ko "Verrouillage du clic" na kunne. Linzami marar waya, a fara da canza batir.

Alama ɗaya ce ba a jinkiri da ita. Idan faifan taɓawa na kwamfutar hannu ya yi tauri, ya ƙi dannuwa ko ya ɗago sama, sau da yawa batirin da ke ƙarƙashinsa ne ya kumbura. Batirin litiyam da ya kumbura na iya kama wuta. A daina caji, kada a matsa shi ko a huda, a kai wa mai gyara ya cire shi.