Mai Tsaron Hatimi da Mutanen Zango: Tarihin Ma'aikatar Shari'a ta Jamhuriyar Benin

Kalmar zango ta daɗe a bakin fatake. Asalin ma'anarta wurin da ayari yake sauke kaya ya kwana, shi ya sa ake cewa matafiya sun yada zango. Da Hausawa suka daɗe suna bin hanyar Gwanja fataucin goro, suna ratsawa ta Nikki da Djougou, sai waɗansu masaukan suka zama unguwanni, baƙi suka zama 'yan gari. A Kwatano, babban birnin kasuwancin Jamhuriyar Benin, unguwar tana nan a gunduma ta 5, ana rubuta sunanta Zongo, ga babban masallacinta, ga Hausawa da Dandawa da Zabarmawa da Yarabawa Musulmi. Tun fil azal mutanen zango da hanyarsu ta raba gardama: a je gaban mai gida, in ta faskara a je wurin liman ko sarkin zango. To amma a birnin nan akwai wata hukuma da ke da ikon faɗin abin da yake doka a kan kowa, wato Ma'aikatar Shari'a da Tsara Dokoki. Tarihinta, in aka dube shi daga ƙofar masallacin Zongo, tarihi ne na yadda aka tattara shari'o'i masu yawa aka mayar da su guda ɗaya a takarda.

Ministan da ke riƙe da ma'aikatar yana da laƙabin da aka gada daga Faransa, Garde des Sceaux, wato Mai Tsaron Hatimai. A zamanin sarakunan Faransa, mutumin da aka damƙa wa hatimin sarki shi ne yake buga shi a kan dokoki don su tabbata. Sarautar ta shuɗe, laƙabin ya rage. Aikinsa a yau ya kasu gida-gida. Masu gabatar da ƙara na gwamnati a ƙarƙashinsa suke, yana iya ba su umarni. Alƙalan da ke yanke hukunci kuwa, tsarin mulki ya ce doka kaɗai za su bi, sai dai shugaban ƙasa ne yake naɗa su bisa shawarar wannan minista, bayan an ji ra'ayin Majalisar Ƙoli ta Alƙalai. Gidajen kurkuku ma a hannun ma'aikatar suke, haka kuma ita ce take duba daftarin dokokin gwamnati kafin a kai majalisa. Mai karatu da ya saba da Nijeriya zai tuna da Antoni Janar kuma Ministan Shari'a, amma kamar ba ta cika ba, domin tsarin Faransa ya ɗauki mai gabatar da ƙara da alƙali a matsayin 'yan sana'a ɗaya, horonsu ɗaya, kuma mutum yakan tashi daga wannan kujera ya koma waccan.

Tushen wannan tsari yana cikin mulkin mallaka. Bayan Janar Dodds ya ci Abomey a 1892, Sarki Béhanzin kuma ya miƙa wuya a 1894, Faransa ta kafa ƙasar mallaka mai suna Dahome, daga baya ta haɗa ta cikin tarayyar Afirka ta Yamma mai hedkwata a Dakar. Dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta raba shari'a biyu. Faransawa da 'yan tsirarun da aka ba su matsayin 'yan ƙasa suna da kotunansu da ke bin dokokin Faransa. Sauran jama'a, waɗanda ake kira talakawan mallaka, suna da kotunan 'yan ƙasa, inda ake bin al'adar masu ƙara muddin ba ta saɓa wa abin da Turawa suke kira wayewa ba. Ban da wannan, kumandan yana da ikon ɗaure mutum har kwana 15 ba tare da an zauna shari'a ba. A Arewacin Nijeriya Ingilishi sun bar kotunan alƙalai suna aiki da littattafan Malikiyya. Musulmin Kwatano bai sami irin wannan ba. Abin da ya samu shi ne dattijo mai ba da shawara a gefen Bature, wanda za a tambaya me al'adar masu ƙara ta ce, a kuma ji amsarsa ta bakin tafinta. Ba abin mamaki ba ne in mutanen zango sun fi son su kashe maganarsu a zaure.

A 1931 gwamnatin mallaka ta tattara al'adun ƙasar a wani kundi da aka sani da Coutumier du Dahomey, don alƙalai su riƙa dubawa. An yi shi ne a matsayin jagora, amma da yake rubutacce ne, sai ya riƙa aiki tamkar doka shekara da shekaru, har ya daskarar da al'adun da a da suke sauyawa da zamani. A cikinsa matsayin mace ƙasƙantacce ne ƙwarai. Sai a 1996 Kotun Tsarin Mulki ta bayyana cewa kundin ba shi da ƙarfin doka. A 1946 kuwa aka soke ikon kumandan na ɗauri ba shari'a, aka kuma ɗora dokar laifuffuka ta Faransa a kan kowa. Daga nan sata da kisa hukuncinsu ya zama ɗaya ga kowane mutum, aure da saki da gado da filaye suka zauna a hannun al'ada.

Haka Dahome ta karɓi 'yancin kai ran 1 ga Agusta 1960, da ma'aikatar shari'a sabuwa da dokoki tsofaffi. Dokar 1964 ta haɗe kotunan biyu wuri guda: kotunan sulhu a ƙasa, kotunan matakin farko a tsakiya, kotun ɗaukaka ƙara guda ɗaya a Kwatano. Sai dai a cikin ginin guda ana da zauren dokar zamani da zauren dokar gargajiya, kenan rabuwar ta shiga daga ciki. Gyara mai zurfi bai samu ba, don ƙasar ba ta zauna ba. Sojoji sun kifar da gwamnati a 1963 da 1965 da 1967 da 1969, sannan Manjo Mathieu Kérékou ya karɓi mulki ran 26 ga Oktoba 1972.

Kérékou ya ɗauki aƙidar Markisanci a 1974, ya sauya sunan ƙasar zuwa Jamhuriyar Jama'ar Benin a 1975. Tsarin mulkin 1977 ya tanadi kotunan jama'a tun daga ƙauye da unguwa har Babbar Kotun Jama'a, da alƙalan da ba su yi karatun lauya ba suna zama tare da ƙwararru. A takarda abin ya yi kama da kusanto da shari'a ga talaka. A aikace jam'iyya ɗaya ce take da ta cewa, ana kuma tsare 'yan adawa da ɗalibai a wurare irin su Ségbana ba tare da an kai su gaban alƙali ba. Zamanin ya bar tabonsa har a sunayen unguwanni: ɗaya daga cikin ɓangarorin Zongo biyu sunansa Zongo Ehuzu, ehuzu kuwa kalmar Fon ce da aka mayar kirarin juyin juya hali. Ɗayan shi ne Zongo Nima.

Da baitulmali ya ƙafe, albashi ya tsaya, aka kira Taron Ƙasa a otal ɗin PLM Alédjo na Kwatano daga 19 zuwa 28 ga Fabrairu 1990, Bishop Isidore de Souza yana shugabanta. Tsarin mulkin 11 ga Disamba 1990 ya fito daga nan. Shi ne ya ware ɓangaren shari'a daga na zartarwa, ya ce ƙasar ba ruwanta da addini a harkar mulki, ya kuma kafa Kotun Tsarin Mulki wadda kowane ɗan ƙasa zai iya kai wa kuka kai tsaye. Ta fara zama a 1993, Elisabeth Pognon ce shugabarta ta farko. Dokar 2002 ta ƙara kotunan ɗaukaka ƙara a Abomey da Parakou, ta rage wa mutumin arewa doguwar tafiya zuwa bakin teku. Ba duka ne labarin ya yi daɗi ba: a 2004 an yanke wa alƙalai da dama hukunci saboda wawure kuɗin da aka ware na gudanar da shari'o'in laifuffuka.

Zamanin Shugaba Patrice Talon, daga 2016, ma'aikatar ta yi aiki da sauri. Lauya Joseph Djogbénou ya riƙe ta daga 2016 zuwa 2018, daga nan ya zama shugaban Kotun Tsarin Mulki, Séverin Quenum ya gaje shi, Yvon Detchénou ya karɓa a 2023. An buɗe kotun kasuwanci a Kwatano. A Disamba 2018 aka yi sabuwar dokar laifuffuka, ta maye gurbin wadda tushenta umarnin Faransa ne na 1877, wato ƙasar ta yi shekara 58 da 'yanci tana hukunta ɓarayi da dokar da ta girmi cin Abomey. Gyaran tsarin mulki na 2019 ya soke hukuncin kisa. A 2018 ɗin dai aka kafa kotu ta musamman kan laifuffukan tattalin arziki da ta'addanci, CRIET, wadda ta jawo suka mai yawa. A Afrilu 2021 ɗaya daga cikin alƙalanta, Essowé Batamoussi, ya bar ƙasar yana cewa ana matsa musu lamba daga sama, gwamnati ta musanta. A Disamba na shekarar kotun ta ɗaure Reckya Madougou shekara 20 bisa laifin da ya shafi ta'addanci, ita da magoya bayanta suka ce siyasa ce. Madougou ta taɓa zama Mai Tsaron Hatimai a gwamnatin Boni Yayi.

Duk da girman waɗannan al'amura, dokar da ta fi shiga ɗakunan Zongo ita ce Dokar Mutane da Iyali. Majalisa ta amince da ita a 2002, da sassaucin cewa namiji zai iya zaɓar auren mace fiye da ɗaya tun ranar ɗaurin aure. 'Yar majalisa Rosine Vieyra Soglo ta kai maganar Kotun Tsarin Mulki. Ran 23 ga Disamba 2002 kotun ta ce ba za a ba namiji zaɓin da ba a ba mace ba, tunda sashe na 26 na tsarin mulki ya daidaita su a gaban doka. Aka koma aka gyara, aka sa hannu ran 24 ga Agusta 2004. Daga ranar, auren mace ɗaya kaɗai doka ta sani, kuma auren da aka ɗaura a gaban jami'in rajista ne kaɗai yake da tasiri a kotu. Sashe na 1030 ya rufe maganar da cewa al'adu sun daina zama doka a duk abin da wannan kundi ya tanada. Rabuwar da aka soma a 1903 ta zo ƙarshe, a fannin iyali dai, bayan shekara 101.

Ga Bamalike, bambancin ba ƙarami ba ne. A rabon gado na Musulunci matar da mijinta ya bar 'ya'ya tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, in sun kai biyu ko fiye su raba shi, ɗa namiji kuma yana ɗaukar rabon mata biyu. Dokar 2004 ta ba matar da ta sani rubu'i, ta daidaita 'ya mace da ɗa namiji. Maƙwabta ba su bi wannan hanya ba. A Nijar har yanzu al'adar masu ƙara ce ake bi a aure da gado, a Kano da Sakkwato kuma kotunan shari'ar Musulunci ne suke rabawa. Iyali ɗaya da ke da reshe a Maraɗi, da reshe a Kano, da reshe a Kwatano yana ƙarƙashin dokokin gado uku ke nan.

Dokar ba ta hana liman ɗaura aure ba, ba ta kuma ɗaure wanda ya ƙara mata a masallaci ba. Kau da kai kawai ta yi. Don haka a Zongo ana ci gaba da raba goro, ana yanka sadaki, ana shafa fatiha, malamai suna raba gado da lissafin Risala, kuma muddin magada sun yarda ba wanda zai ji. Matsalar takan taso ne ranar da yarda ta ƙare, ko ranar da dukiyar ta kasance gida mai takarda ko kuɗi a banki, waɗanda ba sa fita sai da hatimin hukuma. A ranar, uwargidan da aka yi rajistar aurenta tana da rubu'i. Amaryar da aka ɗaura nata a masallaci bayan 2004 ba ta da rabon mata ko na anini, ko da ta shekara 15 a gidan, ta yi jinyar mijin, ta yi takaba. 'Ya'yanta za su ci gadon ubansu daidai da 'yan'uwansu in sunansa yana cikin takardar haihuwarsu. Masu goyon bayan dokar suna da hujja mai ƙarfi, domin ta ceci zawarawa da 'ya'ya mata da yawa daga dangin miji masu kwashe kaya. Amma wannan mace ta biyu, wadda ita ma don irinta aka ce an yi gyaran, ta fita daga kariyar al'ada ba ta shiga ta doka ba. In ta je kotun Kwatano, da Faransanci za a yi zaman, za a nemo mata tafinta, abu na farko kuma da za a tambaye ta shi ne takardar aure.