Shin Wasan Bidiyo Zai Iya Shiga Sahun Adabi? Tarihin Wata Gardama

'Yan uwa marubuta, a wannan makon za mu ɗan fita daga gonar da muka saba nomawa. Za mu bi sawun wata gardama da aka shafe shekaru ana tafkawa, mafi yawa a Amurka, a kan wasannin bidiyo, wato abin da ƙannenmu ke kira gem. Mun san wasu za su ce ina ruwan marubuci da abin da yara ke ɓata lokaci a kansa. A yi mana haƙuri zuwa ƙarshe, domin a tsakiyar gardamar akwai tambayar da ta shafi duk wanda ya taɓa ɗaukar alƙalami: wane ne mai iko da labari, wanda ya ƙirƙira shi ko wanda aka ba shi?

Tambayar ma tana da wuyar yi da Hausa. In muka ce "wasan bidiyo fasaha ne?" sai a ce mana ai babu gardama, tunda kalmar fasaha ta haɗa maƙeri da mawaƙi da mai haɗa kwamfuta. Abin da aka yi ta jayayya a kai ya fi haka ƙunci: ko wasan zai iya zama a sahun littafi da waƙa da zane da fim, wato aikin da wani ya zuba ganinsa na duniya a ciki har ya taɓa zuciyar wanda bai taɓa sani ba.

Waɗanda suka fara abin ba su damu da wannan ba. A 1962 wasu matasa a jami'ar MIT, Steve Russell na gaba, suka haɗa Spacewar!, jirage biyu suna harbin juna. A 1972 kamfanin Atari ya fito da Pong, sanduna biyu da ɗigo ɗaya yana kai da komo. Amma wajen 1976 wani injiniya mai suna Will Crowther, wanda ke sha'awar shiga kogunan ƙarƙashin ƙasa a jihar Kentucky, ya yi wani abu daban. Wasansa, Colossal Cave Adventure, ba shi da hoto ko ɗaya. Rubutu ne zalla: kwamfuta ta bayyana maka inda kake, kai kuma ka rubuta mata abin da za ka yi da kalma ɗaya ko biyu, ta ba ka amsa. Ya yi shi ne a wani ɓangare don 'ya'yansa mata bayan aurensa ya mutu. Ke nan tun da wuri wani reshe na wannan sana'a aikin marubuci ne.

Kotu ce ta fara ɗaukar tambayar da gaske, kuma dalilinta na doka ne. A tsarin mulkin Amurka, abin da aka ɗauka a matsayin bayyana ra'ayi yana da kariya daga hannun gwamnati. A 2002 wani alƙalin tarayya a St. Louis, Stephen Limbaugh, ya duba ƙarar da masu sana'ar suka shigar kan wata dokar hana sayar wa yara wasannin zubar da jini ba da izinin iyaye ba. Ya kalli ɗaukar bidiyo ta wasanni huɗu, ya yanke cewa bai ga wani tunani da suke isarwa ba, sun fi kama da wasannin allo da na motsa jiki. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2003.

Wanda ya san tarihin fim zai yi murmushi a nan. A 1915 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa fim kasuwanci ne kawai, ba shi da kariyar da jarida ko littafi ke da ita. Sai a 1952 ta janye wannan matsayi, bayan shekara 37. Wasan bidiyo bai jira haka ba. A 2005 jihar Kalifoniya ta yi dokar tarar da ta kai dala 1,000 ga wanda ya sayar wa yaro wasa mai tsananin tashin hankali, kuma a watan Yunin 2011 Kotun Ƙoli ta soke dokar da rinjayen alƙalai 7 a kan 2. Mai shari'a Antonin Scalia, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce wasannin suna isar da tunani ta hanyar taurari da zance da zubin labari da kiɗa, kamar littafi da wasan kwaikwayo da fim. Ya kuma tuna wa jama'a cewa tatsuniyoyin da ake karanta wa yaran Turai cike suke da jini, kuma an taɓa yi wa littattafan kwabo-kwabo da mujallun zane irin wannan kuka.

Wannan kukan mun san shi a gida. Lokacin da Rupert East ya zagaya a 1933 yana neman waɗanda za su shiga gasar da ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, ya sha wahalar shawo kan malamai, domin ƙaga labari a wurinsu tatsuniya ce, aikin mata da yara. Bayan shekara hamsin da wani abu, aka yi wa littattafan soyayya laƙabin adabin kasuwar Kano, aka yi ta fafatawa a jaridu kan ko sun cancanci a kira su adabi. Yau kuma da yawanmu masu rubutu a waya mun san irin kallon da ake yi mana. Don haka ya kamata mu yi hattara kafin mu ɗaga hanci ga wani.

Sai dai hukuncin kotu bai kashe gardamar ba. Kotu ta ce gwamnati ba ta da ikon hanawa, ba ta ce abin yana da kyau ba. Mutumin da ya riƙe ainihin tambayar shi ne Roger Ebert, mai sharhin finafinai na jaridar Chicago Sun-Times, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 1975. A 2005, cikin amsa wa wani mai karatu, ya ce wasan bidiyo a asalinsa yana ƙasa da fim da adabi. Hujjarsa ita ce wasa yana buƙatar mai bugawa ya yi zaɓi, alhali babban adabi yana buƙatar marubuci ya riƙe linzami. A Afrilun 2010 ya sake dawowa da kakkausar murya, yana mayar da martani ga wata lacca ta Kellee Santiago, ɗaya daga cikin masu ƙirƙirar irin waɗannan wasanni. Ya ce wasa yana da dokoki da maki da ci, ana iya cin wasa amma ba a cin littafi. Ya kuma tambaya me ya sa masu gem suka nace sai an kira abinsu fasaha, alhali gwanayen dara irin ta Turawa da na ƙwallon kwando ba su taɓa neman haka ba.

An yi masa ca. Dubban martani suka sauka a kansa, wasu da hujja, da yawa da zagi. A watan Yuli na wannan shekara ya fito ya ce ya yi wauta da ya tsoma baki a abin da bai buga ba. Bai janye ra'ayinsa gaba ɗaya ba, kuma duk da tayin da aka yi masa na na'ura da wasanni, bai zauna ya buga ba.

Mu dai a ganinmu an yi saurin murnar kayar da shi. Hujjarsa tana da nauyi, kuma marubuci ya fi kowa sanin haka. A ɗauki Shaihu Umar. Mahaifiyarsa ta ƙetare sahara tana nemansa, ta sha bauta da wulaƙanci, sun haɗu, ba da jimawa ba ta rasu. Da a ce Tafawa Ɓalewa ya sa wa mai karatu maɓalli ya zaɓi ta rayu su koma gida cikin farin ciki, kusan kowa zai danna, kuma littafin ya mutu nan take. Zafin labarin yana cikin cewa ba mu da yadda za mu yi. Duk wadda ta taɓa sakin littafi kashi-kashi a waya ta san wannan jarrabawa, ranar da masu karatu suka taru suna roƙon kada a kashe wance, ko a mayar da auren wane. Wasu sun bi, kuma mun ga yadda labarin ya koma.

Gidajen tarihi sun shigo a 2012. Gidan Smithsonian da ke Washington ya yi baje kolin wasanni 80, sannan gidan MoMA na New York ya saka guda 14 a taskarsa, ciki har da Pac-Man da Tetris. Amma MoMA a sashen tsara kayayyaki ya ajiye su, kusa da kujeru da fitilu, wanda ya nuna su ma sun ɗan kauce wa tambayar.

Amsar da ta fi gamsar da mu daga wasannin kansu ta fito. Cikin 14 ɗin nan akwai wani ɗan ƙarami mai suna Passage, wanda Jason Rohrer ya yi a 2007. Minti biyar ne kacal. Kana tafiya daga hagu zuwa dama, ɗan mutumin da kake juyawa yana tsufa a idonka. Tun farko za ka ga wata mace. In ka je wurinta za ku tafi tare har abada, amma ku biyu ba za ku iya shiga ƙananan lungunan da dukiya take ba. In ka wuce ta, lungunan naka ne, kai kaɗai. Kusa da ƙarshe ita za ta riga ka mutuwa, kabarinta ya tsaya a baya, kai ka ci gaba a sunkuye. Ko me ka zaɓa, minti biyar ɗin ba ya ƙaruwa. Akwai zaɓi a nan, amma wa ya yanka shi? Rohrer ne ya ƙayyade ƙofofin, shi ya sa wa kowace farashinta, shi ya hana ƙofar da kowa zai so a ce akwai.

A Japan, Fumito Ueda ya yi Shadow of the Colossus a 2005, wasan da aka fi roƙon Ebert ya gwada. Saurayi ne ya kawo gawar wata budurwa wani haramtaccen wuri, wata murya ta ce za a dawo da ranta in ya kashe manyan halittu 16. Wasu daga cikinsu ba su tsokani kowa ba, suna yawonsu ne har ka je ka hau su da takobi. In ɗaya ta faɗi, kiɗan da ke tashi na makoki ne, kuma jikin saurayin yana ƙara dusashewa bayan kowane kisa. Littafi zai iya nuna maka mutum yana aikata ɓarna saboda so, ka tausaya masa ko ka la'ance shi daga nesa. A nan yatsanka ne ya soka takobin, sau 16, bayan tun a na uku ko na huɗu zuciyarka ta fara gaya maka akwai matsala. Wannan jin na cewa da hannunka a ciki, zube da fim ba su da hanyar ba da shi kai tsaye.

Ba za mu yi ƙarya ba, yawancin abin da ake bugawa a gidajen gem bai kai nan ba, kuma bai ma nufi nan ba. Wasan ƙwallo a na'ura ɗan uwan dara da langa ne, abin nishaɗi da gwada gwaninta, kuma hakan ba aibi ba ne. Haka nan yawancin abin da ake bugawa a takarda bai kai Shaihu Umar ba.

Misalin da ya fi tsaya mana a rai shi ne Papers, Please na Lucas Pope. An ba ka aikin jami'in shige da fice a iyakar wata ƙagaggiyar ƙasa mai mulkin kama-karya, a shekarar 1982. Aikinka duba fasfo da buga hatimi. Ana biyanka gwargwadon yawan mutanen da ka sallama, dokoki suna ƙaruwa kullum, kuskure yana jawo gargaɗi sannan yankan albashi. Da dare sai a nuna maka lissafin gida: haya, abinci, ɗumama ɗaki, maganin ɗanka da ba shi da lafiya, kuma sau da yawa kuɗin ba ya isa duka. Wata rana wani mutum ya zo da takardu cikakku, ka buga masa, ya roƙe ka ka tausaya wa matarsa da ke bayansa a layi. Ta iso, takardarta ɗaya babu. Babu wanda ya tsaya ya yi maka huɗuba a kan zalunci ko tausayi. Agogo yana tafiya, layi yana jira, hatimi biyu suna gabanka, kore da ja, kai kuma kana lissafin kuskure nawa ya rage maka yau kafin a taɓa kuɗin maganin yaro. Mutane da yawa da ke ganin kansu masu kirki sun buga ja, suka kira na gaba.

Wasan ya fito a watan Agustan 2013. Ebert ya rasu a watan Afrilun wannan shekara, wata huɗu kafin nan.