Ma'aunin Yabo: Shafin Ƙaramar Hukuma da Buƙatar Mutumin Birnin Zariya

Tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, muhawara ta tattara a kan kuɗi: sun iso ko ba su iso ba, gwamnoni sun sakar musu mara ko har yanzu suna riƙe. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne ta wace hanya mutumin Kwarbai ko Limancin Kona a birnin Zariya zai san abin da aka yi da kuɗin, kuma ta wace ƙofa zai shigar da kukansa a saurare shi. Hanya mafi araha a yau ita ce kafafen sada zumunta, musamman Facebook da WhatsApp. Saboda haka tambayar wace ƙaramar hukuma ce ta iya amfani da su har ta cancanci lambar yabo tana da nauyi, domin abin da aka yaba shi na baya za su kwaikwaya. A Amurka akwai gasar shekara-shekara mai suna Golden Post da ake karrama hukumomi a kan wannan aiki, kuma ba abin mamaki ba ne irinta ta samu gindin zama a nan. Matsayin wannan maƙala shi ne a auna shafin hukuma da abin da ke faruwa bayan talaka ya yi magana a cikinsa. Yawan mabiya da kyan hotuna su biyo baya.

Zariya ce ta fi dacewa a yi wannan nazari a kanta, saboda ta daɗe tana gwada hanyoyin da hukuma ke magana da jama'a. A tsarin sarautar Zazzau, wanda M. G. Smith ya nazarta a littafinsa na 1960, umarni yana saukowa daga fada zuwa hakimi, zuwa dagaci ko mai unguwa, mai shela kuma ya bi kasuwa da lunguna ya sanar. Amma hanyar ba ta saukowa kaɗai ba ce. Wanda aka toshe wa magudanar ruwa ya san zauren da zai je ya faɗi ya yi gaisuwa ya kai ƙara, mai unguwa kuma ya san za a tambaye shi inda maganar ta kwana. Tsarin yana da zaluncinsa, tarihi bai ɓoye ba, sai dai kowane kuka yana da fuskar da ta karɓe shi.

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam na editanta na Hausa tare da Rupert East. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe jita-jitar da ke yawo a jajibirin Yaƙin Duniya na Biyu, wato ita ma muryar hukuma ce tun asali. Abin da ya sa ta shiga ran mutane shi ne Hausar da aka rubuta ta da ita, da filin da ta ba wasiƙun masu karatu, inda malamin makaranta ko akawun En'e zai rubuto ƙorafinsa a buga. A shekarun 1950 hukumar adabi ta Arewa, wato NORLA, ita ma daga Zariya, ta fitar da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Bazazzaga ta lardin Zazzau. Ke nan fiye da shekara saba'in da suka wuce an riga an gane cewa labarin gida a harshen gida ake ba da shi. Abin takaici ne a ce wannan darasi sai an sake koyar da shi.

Duk wanda ya saba leƙa shafukan ƙananan hukumomin ƙasar nan ya san abin da ya fi yawa a cikinsu: ciyaman ya karɓi baƙi, ciyaman ya je ta'aziyya, ciyaman ya taya gwamna murnar zagayowar ranar haihuwa, galibi da Turanci mai kauri. A ƙarƙashi sojojin baka na jera kirari, can tsakiya kuma wani ya rubuta cewa rijiyar burtsatsen unguwarsu ta lalace tun bara, ba wanda ya tanka masa. Irin wannan shafi yana iya tara dubban mabiya, kuma idan da lissafin mabiya za a ba da lamba, shi zai lashe. Wannan shi ne kuskuren da ya wajaba a kauce masa tun kafin a kafa gasar.

Ba sai an je nesa neman ma'auni ba, yana cikin Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, raɗa wa tituna suna, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya matakin farko. Waɗannan su ne abubuwan da shafin ya kamata ya cika da su. A cikin ganuwar Zariya kowannensu yana da kamanninsa. Gidaje a cunkushe suke, lunguna da yawa motar shara ba ta shiga, tsofaffin kududdufan da ke shanye ruwan sama an cike da dama an yi gini, don haka kwata ɗaya ta toshe da damina sai katangun ƙasa su fara jiƙa. Matsalar ruwan sha kuwa ta girmi yawancin masu riƙe da waya a garin. Gaskiya ne ruwan famfo aikin jiha ne, amma mai gidan da ke sayen jarka wajen 'yan ga-ruwa ba ruwansa da wannan rabe-rabe, kuma shafin da ya ce masa “ba huruminmu ba ne, ga ofishin da ke da alhaki, mun miƙa musu ranar kaza” ya yi masa aiki.

Daga nan ake fitar da abin da alƙalan gasa za su ƙirga. Su ɗauki koke-koken da jama'a suka rubuta a shafin cikin wata uku, su ga nawa aka amsa, cikin kwana nawa, kuma nawa ne amsar ta kai ga aiki. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar bayani. Babu dalilin da zai sa amsar tsokaci a Facebook ta wuce haka. Sannan su tashi daga kan kwamfuta su je wurin. Idan shafin ya ce an yashe magudanar Ƙofar Doka, a je Ƙofar Doka a duba, a tambayi masu shagunan bakin titi. Hoto kaɗai ba hujja ba ne, don ana iya ɗaukarsa a wani wuri ko a wata shekara.

Maganar kuɗi ita ce mai wuya, kuma a ganina ita ya kamata ta ɗauki maki mafi tsoka. Kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu duk wata ba sirri ba ne, hukumomin tarayya na wallafa shi. Abin da ba ya fitowa shi ne ragowar lissafin: nawa ya tafi albashin malaman firamare, nawa aka tara a kasuwa da tasha, wa aka ba kwangilar gyaran aji, a kan nawa, yaushe zai gama. Jihar Kaduna ta riga ta buɗe wannan hanya a matakinta, domin ta shiga ƙawancen buɗaɗɗiyar gwamnati na OGP, ta kuma samar da manhajar Eyes and Ears don jama'a su kai rahoton ayyuka. Ƙaramar hukumar da ta sauko da wannan al'ada zuwa mazaɓunta, ta liƙa lissafin wata a shafinta da Hausar da mai ɗinkin hula zai gane, ta yi abin da ya fi bidiyo ɗari na yanke kyalle.

Akwai kuma ranar tashin hankali. A ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na Masallacin Juma'a na fadar Zazzau, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, ya rufta kan masallata lokacin sallar La'asar. Kafin duhu ya yi hotuna sun karaɗe wayoyi, adadin waɗanda suka rasu kuma ya yi ta sauyawa daga rahoto zuwa rahoto. A irin wannan sa'a uwar da ɗanta ya fita salla bai dawo ba tana neman abu ƙalilan: wane asibiti aka kai mutane, na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko na koyarwa da ke Shika, ina ake buƙatar jini, yaushe za a yi jana'iza. Hukumar da ta saba faɗin gaskiya a ranakun lafiya ita za a yarda da ita a wannan rana. Amanar ba ta ginuwa a yini ɗaya, shi ya sa alƙalai za su duba tarihin shafin gaba ɗaya.

Misalai biyu daga waje sun isa. A garin Jun da ke kusa da Giranada a Sifaniya, mai mutane kimanin 3,500, magajin garin na lokacin, José Antonio Rodríguez Salas, ya mayar da Twitter hanyar aikin hukuma a 2011: mutum ya kai ƙarar fitilar titi a bainar jama'a, a ambaci ma'aikacin da zai gyara, shi kuma ya dawo ya nuna ya gyara. Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne Cif Francis Kariuki na Lanet Umoja a yankin Nakuru ta Kenya, wanda ya riƙa aika sanarwar sata da ɓatan yara da dabbobi ta Twitter, saƙon kuma yana isa ƙananan wayoyi a matsayin tes, ba sai da intanet ba. Jun ƙaramin gari ne, ƙaramar hukumar Zariya kuwa ta haura mutum 400,000 tun ƙidayar 2006, don haka ba za a kwafo tsarinsu yadda yake ba. Abin ɗauka shi ne an san wanda ya karɓi kuka, an kuma ga ƙarshensa.

Mai suka zai ce masu surutu a Facebook ba su ne jama'a ba, kuma yana da gaskiya. Galibinsu matasa ne maza masu kuɗin data. Dattijon da boko bai ratsa shi ba, da matar aure a cikin gida wadda ita ce ke kai yaro rigakafi, ba lalle su taɓa buɗe shafin ba. Idan hukuma ta bi masu ƙarar murya kaɗai, mazaɓun cikin gari irin su Tudun Wada da Gyallesu za su samu gyara, na karkara irin su Dutsen Abba da Wuciciri su yi ta jira. Amsar wannan suka ita ce a sa isar saƙo cikin ma'aunin. Saƙon murya na minti ɗaya da Hausa, wanda kansila ko mai unguwa zai tura zaurukan WhatsApp na masallatai da Islamiyyu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, ya fi doguwar takardar Turanci nisan zango, haka nan sanarwar da aka maimaita a rediyo. Kuma tilas a bar tsohuwar hanya a buɗe. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 an dakatar da Twitter a Nijeriya, a ƙarshen Satumbar 2021 kuma an katse layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna saboda matsalar tsaro. Hukumar da ta jingina duk maganarta da kafa ɗaya ta wani kamfani, ranar da aka rufe kafar ta zama bebiya.

Wani sharaɗi da ake mantawa shi ne mallakar shafin. Sau da yawa wani hadimin ciyaman ne ya buɗe shi da lambar wayarsa, wa'adi na ƙarewa ya tafi da mabuɗin, sabon ciyaman ya buɗe nasa, alkawuran da aka rubuta a tsohon su bi ruwa. Shafin da za a karrama ya zama na ofis, a hannun jami'in yaɗa labarai na dindindin, da rubutacciyar ƙa'ida kan abin da ake gogewa. Zagi da tunzura rikicin addini ko ƙabila a goge su, Zariya ta san tsadar wannan. Amma wanda ya goge tambaya kan kwangila, ko ya toshe mai tambayar, ya fita daga gasar.

Saura wa zai yi alƙalanci. Lambobin yabon da ake rabawa a manyan otal, wanda za a karrama shi ne ya ɗauki nauyin bikin, sun zubar da darajar karramawa a idon mutane, kuma gwamnatin jiha ba za ta auna ciyamomin jam'iyyarta a yarda da sakamakon ba. Zariya tana da mafita a cikin gida. A Kongo, Cibiyar Koyon Mulki ta Jami'ar Ahmadu Bello ta horar da ma'aikatan En'e tun kafin samun 'yancin kai, har yau kuma tana da sashen nazarin ƙananan hukumomi. A Samaru akwai sashen koyon aikin jarida da na harsunan Afirka. Ɗalibansu na iya bin shafukan ƙananan hukumomi 23 na jihar zango guda, su ƙirga koke da amsa, su fita mazaɓu su tabbatar, tare da wakilan masu unguwanni da ƙungiyoyin mata da na 'yan kasuwa. A wallafa makin kowa, na sama da na ƙasa, da hanyar da aka bi aka same shi. A fara da Zariya da Sabon Gari, tunda su ne a bakin ƙofar jami'ar, kuma a zaɓi watannin Yuli zuwa Satumba, lokacin da magudanan ruwa ke cika, koke ke yawa.