Ɗakin Kara: Matsayin Baƙo a Tarihin Ƙasar Katsina

Kirarin da aka fi sanin birnin Katsina da shi shi ne "ɗakin kara". Akwai masu fassara shi da ɗakin da aka yi da karan dawa, amma galibin Katsinawa kara ta hali suke nufi, watau kawaici da alkunya da girmama mutum, musamman wanda ya zo daga wani wuri. Ita ma gwamnatin jihar, wadda aka ƙirƙiro a 1987, wannan ma'ana ta ɗauka, har ta sa a lambar motocinta cewa Katsina gidan karamci ce. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne ko karar nan hali ne kurum da aka haifi mutane da shi, ko kuwa tsari ne da tarihi ya gina, wanda yake da dokokinsa da iyakarsa. Za a dubi birnin, sa'an nan a gangaro garuruwan da ke kan hanyar Kano, irin su Kankiya da Kusada.

Da farko ya kamata a lura da cewa kalmar "baƙo" ta tattara mutane iri-iri waɗanda Bahaushe bai taɓa yi musu riƙo ɗaya ba. Akwai matafiyin da dare ya yi masa, akwai falke, akwai almajiri, akwai ɗan ci-rani, akwai kuma wanda ya taso da iyalinsa yana neman wurin zama. Matafiyi zaure ne nasa, ko masallaci, a kawo masa ruwa da tuwo, kuma addini ya ba shi haƙƙin liyafa ta kwana uku. Falke kuwa zango yake sauka, ko gidan fatoma, inda mai gida zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ci bashinsa, ya kuma sami la'ada. Mai neman zama sai an kai shi gaban mai unguwa, daga nan zuwa dagaci, a ji daga inda ya fito da abin da ya raba shi da can, kafin a yanka masa fili. A kowane hali akwai wani ɗan gari da zai amsa tambaya idan baƙon ya yi ɓarna. Karin maganar da ke cewa baƙonka annabinka gaskiya ce, amma waɗanda suka faɗe ta su ne kuma suka ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba.

Labaran kafuwar sarauta su kansu da baƙo suka fara. Bayajida baƙo ne da ya sauka gidan wata tsohuwa a Daura ya nemi ruwa, kuma jikansa Kumayau ake danganta wa kafa sarautar Katsina. Korau, wanda ya karɓe mulki daga hannun Durɓawa a ƙarni na 15, labari ya ce daga 'Yandoto ya zo, ya kayar da Sanau a kokawa bayan matar Sanau ta tona asirin mijinta. Ba lalle ne mai nazarin tarihi ya ɗauki waɗannan labarai yadda suke ba. Abin lura shi ne al'ummar da ta adana su ba ta ga abin kunya ba a ce sarkinta na fari daga waje ya zo, kuma ba ta manta ba cewa baƙon da aka sake wa fuska yana iya gaje gidan.

Daga zamanin Muhammadu Korau ne shaidar rubutu ta fara samuwa. Shehu Magili, mutumin Tilimsan, ya zauna a Katsina wajen ƙarshen ƙarni na 15, kuma a wannan zamani ne Imam Suyuɗi ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙa daga Masar. Muhammadu ɗan Ahmad al-Tazakhti, wanda Katsinawa suke kira Ɗan Takum, a kan hanyarsa ta komowa daga hajji ya biyo, sarki ya riƙe shi ya naɗa shi alƙali, a nan ya rasu wajen 1529. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: an damƙa wa mutumin da ba a san kakansa ba ikon yanke hukunci a kan dukiya da aure da jinin 'yan gari. Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, asalin gidansu Barno ne, ga shi kuwa yau unguwar Masanawa sunansa take amsawa. Ashe cikin waliyyai ukun da birnin yake tinƙaho da su, watau Ɗan Marina da Ɗan Masani da Ɗan Takum, aƙalla biyu baƙi ne ko 'ya'yan baƙi. Bayan da Maroko ta rusa daular Sanwai a 1591, fatauci da malanta suka ƙara karkatowa gabas, Katsina ta cika da Wangarawa da Larabawan Gadamas da mutanen Tuwat da Azbinawa da Barebari. Sunayen unguwanni irin su Tudun Malle da Albaba da Gambarawa suna ɗauke da sauran wannan tarihi. Haka su ma Katsinawa sun ci moriyar karar wasu: Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi, a Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti wanda ya saukar da shi.

Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1981 kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya nuna cewa ƙaura da cuɗanyar jama'a su ne suka gina garuruwan ƙasar, kuma zama Bakatsine ya fi rataya a kan wurin zama da sana'a da biyayya ga sarauta, a kan jini. Dalilin a fili yake. A wancan zamani ƙasa tana da yawa, mutane ne ba su isa ba. Sarkin da ya jawo maƙera da marina da fatake ya ƙara kuɗin shiga da mayaƙa, wanda ya matsa musu kuwa sai su naɗe tabarmarsu su koma wajen abokin gabarsa. Sai dai ba duk wanda ya shigo ne ya zo da ƙafarsa ba. Bayin da aka zuba a rinji su ma daga waje aka kawo su, ba a kuwa taɓa ce musu baƙi ba, balle a yi musu kara.

Labarin Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya nuna yadda abin yake idan baƙo ya zo ba tare da mai masaukin da ya isa ba. Ya iso Katsina a watan Janairu na 1851 tare da ayarin gishirin Azbinawa. A lokacin birnin ya daɗe da komawa baya, domin tun da Ummarun Dallaje ya ci shi a 1807, sarakunan da aka kora suka kafa Maraɗi suna kawo hari, manyan fatake suka koma Kano. Barth ya ƙiyasta mazauna cikin ganuwar ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba. Sarki Muhammadu Bello ya tsare shi kwanaki, ya danƙa shi a hannun wani mutumin Tuwat, bai kuma sallame shi ba sai da aka ƙara masa kyauta. Barth ya rubuta abin da ɗaci. Amma idan aka dubi al'amarin ta fuskar fada, mutum ne ya zo ɗauke da kaya zai wuce da su ga Sarkin Kano, bayan an san mutanensa sun yi hulɗa da ƙasashen da ake gaba da su; gaisuwar da aka nema wani nau'i ne na fito. Da ya komo a 1853, a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, an riga an san shi, zamansa ya fi daɗi. Shi ɗin ne kuma ya rubuta cewa Hausar Katsina ta fi ta ko'ina tsabta, mutanenta kuma sun yi fice wajen ladabi.

Da ya bar Katsina a tafiyarsa ta fari, ta Kusada ya bi, ya wuce Bici, ya shiga Kano a ranar 2 ga Fabrairu. Ya tarar da Kusada gari ne mai ganuwa, a hanya kuma ya yi ta cin karo da mata suna sayar wa matafiya abinci. Wannan yanki na Kankiya da Kusada yana bakin iyakar Katsina da Kano, kuma iyaka ce da ta sha jini: yaƙe-yaƙen biranen biyu sun ɗauki kusan shekara 150 kafin malamai su sasanta su wajen 1650, sa'an nan a ƙarni na 19 mahayan Maraɗi suka riƙa ratsowa ta nan. Garin da ke irin wannan wuri yana bukatar ayari don kasuwarsa ta ci, yana kuma tsoron ɗan leƙen asiri. Saboda haka zango a waje yake, ƙofa kuma ana rufe ta da almuru. Wanda ya daɗe yana zuwa, har ya yi mai gida, har ya nemi aure, shi ne yake samun shiga ciki.

Agalawa su ne misalin waɗanda suka shiga har suka ɓace. Paul Lovejoy, a nazarinsa na 1980 kan fataucin goro, ya nuna cewa su da Tokarawa daga cikin talakawan Azbinawa suka fito, suka zauna a ƙauyukan Katsina da Kano suna noma da damina, da rani su yi fatauci, har suka kama hanyar Gwanja. Kakannin Alhassan Ɗantata daga ƙasar Katsina suka koma Madobi, shi kuma aka haife shi a Bebeji a 1877. Cikin zuriya uku ko huɗu, jikan wanda aka yanka wa gona a bayan gari ya zama attajirin da ake sauka a gidansa. Ko a zamanin mota abin bai tsaya ba. Mararrabar da ake kira Gidan Mutum Ɗaya, kusa da Yashe, sunanta kawai ya isa ya nuna yadda ta fara, ga ta yau gari guda.

Zuwan Turawa a 1903 ya kawo wani sabon ma'auni. A Kano da Zariya aka keɓe wa mutanen Kudu Sabon Gari, aka fitar da su daga hannun mai unguwa da alƙali. Baƙo ya sami wurin zama amma ya rasa mai masauki, ɗan gari kuma ya sami maƙwabcin da ba ruwansa da shi. Tarzomar 1966 ta nuna abin da irin wannan zama yake haifarwa, ko da yake an sami masu gida da yawa da suka ɓoye maƙwabtansu. Katsina ba ta sami jirgin ƙasa a lokacin ba, Funtuwa ce ta samu, don haka can ne baƙin Kudu suka fi taruwa. Baƙin da birnin ya samu na daban ne: ɗaliban Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, cikinsu har da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Bayan 'yancin kai sai ga takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda tsarin mulkin 1979 ya ƙarfafa ta hanyar rabon muƙamai bisa jihohi. Da wannan ma'auni, da wuya Ɗan Takum ya sami alƙalancin Katsina. A da zama da aure da biyan haraji suna mayar da baƙo ɗan gari. Yanzu mutum yana iya haihuwar 'ya'ya da jikoki a gari, ranar neman gurbin karatu a tambaye shi garin kakansa.

Fari na 1973 zuwa 1974 ya koro Buzaye da makiyaya daga arewa, aka karɓe su a matsayin masu gadi da masu ga-ruwa. Gudun hijirar shekarun nan kuwa daga cikin gida ya taso. Hare-haren 'yan bindiga a Batsari da Safana da Jibiya da Ƙanƙara da Faskari sun kori dubban mutane zuwa birnin Katsina da garuruwan tsakiyar jihar, wasu kuma tun 2019 suka tsallaka jihar Maraɗi, inda ƙauyuka suka fara saukar da su kafin hukumomin agaji su iso. Mafi yawansu a gidajen dangi da kangaye suke, ba a sansani ba. Amma tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto ya sa hakimai da dagatai sun koma jan kunnen jama'a da kada a ba baƙuwar fuska haya ko masauki sai da sanin mai unguwa, kuma Bafulatanin da ya shigo kasuwa da sandarsa shi ne ya fi kowa jin nauyin wannan zargi, ko da kakansa a nan aka binne shi.