Tarihin Jeren Ɗaki a Ƙasar Hausa

Galibin masu nazarin gine-ginen Hausawa sun fi mai da hankali ga aikin magina, watau bakan gizo da daurin guga da zanen da ake yi wa soraye. Babu laifi a cikin wannan, gama wanda ya ga masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), ya san akwai abin nazari. Sai dai kuma wannan ado na sarakuna ne da attajirai. Adon da ya game gidan mai kuɗi da na talaka yana can cikin gida, bayan an wuce zaure da shigifa, inda baƙo namiji ba ya shiga. Shi ne jere, kuma tun asali aikin mata ne.

A ƙarni na 19, kafin a kai amarya, mata ne ke yi wa ɗakinta daɓe, su yayyafa makuba, su shafe bango da farar ƙasa. Sa'an nan gwaggwanni da ƙannen uwa su zo su jera tukwane da ƙore masu zane, babba a ƙasa, ƙarama a bisa, a rufe da faya-fayai masu launi, wasu kuma a rataye su a ragaya. 'Yar masu hali takan sami tasoshin tagulla irin na maƙeran Bida, waɗanda ake gogewa har su riƙa ɗaukar ido.

Abin lura shi ne, yawancin waɗannan kaya ba a cin abinci a cikinsu. To, mene ne amfaninsu? A shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce, miji ba shi da iko da ita. Matar da ke kulle kuwa ba ta cika mallakar gona ko rumfar kasuwa ba, saboda haka bangon ɗakinta shi ne ma'ajiyarta. Idan rashin lafiya ya zo, ko biki ya taso, sai ta sauke tasa ɗaya ta ba dillaliya. Idan aure ya mutu ta kwashe kayanta, idan ya ɗore ta rage wa 'yarta. Uwa takan fara tarin tun yarinya tana ƙarama, da ribar talla da kuɗin adashi. Ashe duk wadda ta shigo ganin ɗaki tana ƙirga ƙoƙarin dangin amarya ne, ba kallon kyau kaɗai take yi ba.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da cinikin gyaɗa da ya biyo baya, su ne suka sauya kayan jere. Kuɗi ya shiga hannun manoma, kantunan Turawa irin su John Holt da na Kwarori suka cika da kwanonin sha masu fenti da furanni. Kwano ba ya fashewa kamar ƙwarya, gara ba ta cinsa, ga shi bai kai tasa tsada ba. Da farko daga Turai ake kawo shi, daga baya daga Honkon, har zuwa shekarun 1960 da 'yan kasuwar Honkon ɗin suka kafa masana'antunsa a nan Nijeriya. Langa da fanteka da samira suka hau bango tun daga ƙasa har kusa da azara, gadon ƙarfe mai rumfa ya kori gadon ƙasa da na kara. Masu ganin an yi asarar al'ada a nan sun yi gaggawar hukunci. Kayan ne suka sake, amma tsarin jerawa da ma'anarsa suna nan yadda suke. Wanda ya yi asara ta haƙiƙa shi ne mai gyartai da mai zanen ƙwarya.

Sauyin da ya taɓa tushen abin ya zo ne da kuɗin man fetur, musamman bayan ƙarin albashin Udoji, wanda aka fara biya a 1975. Tangaran da kofunan gilashi suka shiga kabet, kujerun kushin suka zama dole, ɗaki ɗaya ya rabu zuwa falo da uwar ɗaka, daga baya ma jeren ya koma kicin. Irin waɗannan kaya da zarar sun bar kanti darajarsu ta fara raguwa, yayinsu kuma ba ya daɗewa, don haka ba su iya tsaya wa mace yadda tasa ta tsaya wa kakarta. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, nauyin ya yi wa iyaye yawa, har ya zama sanadin jinkirta auren 'yan mata da dama. Shi ya sa lokacin da Gwamnatin Jihar Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hukumar Hisba a 2012, ba ta tsaya ga biyan sadaki ba, sai da ta haɗa wa kowace amarya da gado da katifa.